Zuciyar da Aka Hana Ni Karantawa

Shekarar da numfashin Mma ya fara gajarta, ita ce shekarar da na shiga karatun layukan zuciya a intanet, kuma har yau idan na tuna ɗaya sai ɗayan ya biyo baya. Mma mahaifiyata ce. Mu biyu ne kawai a ɗaki da falo, a wani gidan haya da ke unguwar Nima, can gangaren babbar kwata. Babanmu ya daɗe da rasuwa, yayyena maza biyu suna ƙasar waje, ni kuma aurena ya mutu na kwaso kayana na dawo wurinta. Ni nas ce a sashen masu ciwon zuciya na wani babban asibiti a Accra. Sai ka ɗauka gidan da ke da nas ba a shan wahalar kai mara lafiya gwaji. Ina! Na lallashi tsofaffin mutane da yawa sun yarda, amma tawa uwar sai da ta kusa mutuwa a gabana tana cewa a'a.

Bari in faɗi gwajin, don a kansa komai ya tsaya. Akwai wata siririyar roba, kateta muke ce mata, da ake zurawa ta jijiyar wuya, a bi da ita a hankali har ta shiga zuciya, ta ratsa ɗakunanta, ta fita zuwa jijiyar huhu. Ba ta ɗaukar hoto. Abin da take ji shi ne ƙarfin jini a duk inda ta isa, sai na'ura ta mai da shi layi mai hawa da sauka a kan allo. Wanda ya iya karatun layin zai gaya maka ga inda robar take, kuma wurin yana fama ne ko lafiya lau. Wanda bai iya ba, zane kawai yake gani. Na yi shekaru ina tsayawa gaban allon nan ina rubuta lambobin da likita ya faɗa, ban san inda yake tsinto su ba, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Da shugabar sashenmu ta ce akwai kwas a intanet, duk mai so ya shiga, da yawa muka yi rajista. Kafin wata ya zagayo sai ni kaɗai na rage. Ban ga laifinsu ba. Wannan tana da goyo, waccan tana da shago a Alajo da take komawa bayan aiki, wata kuma mijinta ba ya cin abincin da ya kwana. Ni kuwa me ke jirana a gida? Mma a kan tabarma da carbinta.

Kwas ɗin ba shi da aji, ba shi da malamin da za ka gaisa da shi. Muryar wani Bature ce a bidiyo, ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai 'yar kibiyarsa tana yawo a kan layin tana nuna nan da can. Bayan ya gama sai a sako maka layi yana gudu, a ce ka zaɓi inda robar take. In ka dace allo ya yi kore, muryar ta yaba maka. In ka kuskure ya yi ja. Yabon nan nasa iri ɗaya ne kullum, ko ka sha wuya kafin ka gane ko ka yi cankar banza. Har faɗa nake yi da shi. "Kai dai ba ka da aiki sai madalla," nakan ce masa, "in ka isa ka amsa mini abin da na tambaya." Akwai wani zaure a shafin da aka ce ɗalibai su riƙa tattaunawa. Na rubuta tambaya a ciki, na yi ta komawa ina dubawa kamar mai jiran baƙo. Saƙon da ke saman nawa ya fi wata shida, shi ma ba wanda ya kula shi.

A ɗakinmu intanet ba ya kamawa sai a bakin taga ɗaya, wadda ke kallon tsakar gida. Nan nake zama in na sauko daga aikin safe, tsakanin Azahar da La'asar, kwamfuta a kan cinya, na toshe kunnuwa biyu da abin sauraro. Ta tagar ina ganin matan gidan suna daka, suna wanki, suna ƙyaƙyata dariya, ba na jin komai sai Bature. Ba wai suna ƙina ba ne. "Anti nas" suke ce mini, suna kawo hannu in auna musu jini, suna aiko mini da ƙosai. Amma da na zauna cikinsu sai hirar ta juya ta koma ta ciwon baya da maganin tsutsa. Hirar da ake yi ana dukan cinya, ba a yin ta da ni.

A hankali layukan suka fara yi mini magana. A ɗakin farko layin ƙarami ne, 'yan tuddai biyu a jere, ba hayaniya. Da robar ta faɗa ɗaki na biyu sai ya yi tsalle sama ya faɗo har ƙasa. A jijiyar huhu yana hawa, amma ba ya yarda ya taɓa ƙasa, kuma a gangarowa akwai wani ɗan tuntuɓe da yake yi lokacin da ƙofar jini ta rufe. Ɗan tuntuɓen nan ya ba ni wuya, na yi ta shan ja a kansa. Na ƙarshe shi ya fi burge ni. Akan hura wani ɗan balan-balan da ke bakin robar, ya je ya toshe ƙaramar jijiya, sai layin ya lafa, kuma wannan lafaffen layin shi ke ba da labarin ɓangaren hagu na zuciya, inda robar ba ta taɓa zuwa ba. Har ma sai ka jira mutum ya gama sauke numfashi kafin ka karanta, in ba haka ba ƙarya zai yi maka.

Ranar da na fara cin jarrabawar gwaji ba ja ko ɗaya, na cire abin kunne na waiga in ga wanda zan gaya wa. Mma ce kaɗai, tana tsince wake a faranti.

Mma ba mai magana ba ce. Shekara da shekaru ta yi tana sayar da koko a bakin lungu, kowa ya san hannunta, ba wanda ya san cikinta. Da babanmu ya rasu ban ga hawayenta ba. In yayyena suka yi wata ba su kira ba, takan ce hidima ce ta yi musu yawa. Ranar da na dawo da akwatina daga gidan aure, abin da ta ce kawai shi ne in shigo da shi kafin ruwa ya sauko. Hausarta kuma ta gidan ubanta ce, mutumin Damagaram, Hausa mai tsabta. Tawa ta lungun Nima ce, a zuba Turanci, a yafa yaren Twi, a ƙarasa da hannu. Aikina duk da Turanci na koye shi. Da na zo in bayyana mata da Hausa, sai na ɗauki kalmomin da suka fi kusa da bakina.

Na kai mata kwamfutar har tabarma. "Mma, dubi wannan layin. Abin da ke cikin zuciyar mutum yake nunawa."

Ta ɗago ta kalla. "Wannan zanen?"

"Shi. In zuciya ta ɗauki nauyi, yana nunawa. In ta daɗe tana ɗauke da shi ma, ana ganewa."

"Ko mutum bai faɗa ba?"

"Ko bai ce uffan ba," na ce, ina jin kaina.

"Ke kuma kin iya karantawa?"

"Ina koyo. Na kusa."

Ta daɗe tana kallon layin yana gudu, sannan ta ce ikon Allah, ta koma kan wakenta. Ni kuwa na tashi da farin ciki, don a makon nan duk ba mu yi hirar da ta kai wannan tsawo ba.

Ba a daɗe ba ƙafafunta suka fara kumbura. Ta daina kwanciya sai a jingine da matasai. Sallar da take yi a tsaye ta koma yi a zaune, ta ce gwiwa ce. Gwiwa ina! Ina jin yadda take jan iska tsakanin aya da aya. Na kai ta wurin likitan da nake aiki da shi, ya ɗauki hoton da ake ɗauka ta kan ƙirji, ya ce hoton bai raba gardama ba. Ko matsalar a jijiyoyin huhu take, ko a hagun zuciya, kuma maganin ɗaya yana iya cutar da mai ɗayan. Sai an zura roba an auna. Mma tana zaune tana gyaɗa kai kamar ta yarda. Sai da muka shiga trotro, motar hayar garin, muka matsu a kujerar baya, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Ba za a zura mini robar nan ba."

Na ɗauka tsoron allura ne. Na ce ana kashe wurin, ba za ta ji zafi ba. Na ce idonta biyu za a yi, a ranar za ta dawo gida. Na ce na ga an yi wa tsofaffin da suka girme ta. Ta ce Allah ya ƙara musu lafiya. Na kira yayyena, suka bugo ta bidiyo suna ɗaga murya daga can inda suke, ita kuma ta riƙe wayar tana haska musu rufin ɗaki har suka gaji. Bayan sun kashe, ni suka turo wa saƙo: ke da kike nas, me kike yi? Kai, ranar na ji kamar in jefa wayar nan a kwata.

Ina da zuciya, kowa a gidan ya sani. Na yi mata faɗa, irin faɗan da sai da aka daina daka a tsakar gida ana saurare. Washegari na fito da bokiti, gaisuwar ma da ƙyar aka amsa mini, na san an riga an ce Anti nas tana ɗaga wa uwarta murya. Muka yi kwanaki ba ma cin abinci a kwano ɗaya. Ina komawa bakin tagata in toshe kunne, amma karatun ya canja. Duk layin da ya hau sama fiye da ƙa'ida, Mma nake gani. Bature yana cewa wannan majiyyacin in ba a gano da wuri ba abin zai yi muni, ni kuma ina jin tarinta ta cikin abin kunnen. Ga ilimin a hannuna, ga mai buƙatarsa a bayana, tsakaninmu bai fi taku kaɗan ba, kuma na rasa yadda zan haɗa su. Tsoro nake ji, tsoro sosai, ba ni da wanda zan gaya wa.

Wata rana da hantsi, ina hutu, ta fita bayan gida da ke can ƙarshen tsakar gida. Na ga ta daɗe. Na leƙa, sai ga ta a rabin hanya ta dafa bango, buta a ƙasa ta zube, bakinta a buɗe tana neman iska. Na rungumo ta na shigo da ita na zaunar. Sai da numfashin ya dawo, sannan na fashe da kuka, kukan haushi.

"Mma, so kike ki mutu ki bar ni ni kaɗai a ɗakin nan? Allura ce fa! 'Yar allura!"

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Na haihu a ƙasa, ba likita ba ungozomar asibiti. Ni za ki gaya wa allura?"

"To mene ne?"

"Ke kika ce yana nuna abin da ke ciki. Ko mutum bai faɗa ba."

Sai a lokacin na tuna ranar waken.

"Haba Mma! Jini nake nufi. Ƙarfin jini. Tsoka ce kawai ake aunawa, tsoka mai bugawa."

"Tsoka," ta ce. Ta ɗora hannu a ƙirjinta. "Ranar da aka shigo da gawar babanku, wace tsoka ce ta yi mini ciwo a nan? Zuciya nawa Allah ya ba mutum?"

A asibiti in na faɗi sunanta da Turanci, nama ne mai ɗakuna huɗu. A gida in na ce zuciya, wurin da ake ajiye haƙuri ne, wurin da ake barin abin da baki ya ƙi faɗa. Ni ce na ɗauko kalmar gida na ɗora wa aikin asibiti, kuma yanzu ba ni da wata kalmar da zan musanya mata. Na sake gwadawa duk da haka. Na ce lamba ce, na ce injin ba ya jin Hausa balle ya san sirrin mutum. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta ƙaryata ni ba.

"Wataƙila haka ne," ta ce. "Amma kin ce in ta daɗe da nauyi ana ganewa. Tawa ta daɗe. Akwai abin da na ajiye a ciki tun ba a haife ki ba. Akwai na babanku, akwai na yayyenki." Ta ja numfashi. "Akwai naki. Likita bai san ni ba, ya gani ya wuce abinsa. Ke kuwa da ke nake kwana ɗaki ɗaya."

Akwai naki. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Nawa wanne? Dawowar da na yi? Jikan da ban ba ta ba? Faɗan kwanakin baya? Ban tambaya ba, don na san ba za ta faɗa ba.

Ita ce ta kawo mafita, ba ni ba. Ta ce in ba zan shiga ɗakin ba, ba zan kalli allon ba, ba za a nuna mini layinta ba ko bayan ranta, to ta yarda a zura. "Ki ce wallahi." Ni da nake cewa wallahi a kan cikar trotro da tsadar tumatir, ranar sai da kalmar ta yi mini nauyi a baki. Na faɗa. Ta ce in sake, ina kallon idonta. Na sake.

Kafin ranar gwajin ta zo na gama kwas ɗin. Na ci jarrabawar ƙarshe, muryar ta yaba mini yadda ta saba, takardar shaida ta shigo wayata ina tsaye a tashar Maamobi. Na duba, na mai da wayar jaka. A wurin aiki likita ya fara juyowa in ana zura roba ya ce, "Ina muke yanzu?" in amsa kafin ya rufe baki. Da aka sa ranar Mma, ya ce ai tare za mu shiga, ko in tsaya a gefe in gani. Na ce a'a. Ya ɗauka ƙa'idar nan ce ta cewa ma'aikaci ba ya taɓa jininsa, na bar shi a haka.

Da safe na raka ta har ƙofa. An sa mata rigar asibiti, amma ta ƙi cire ɗankwalinta sai da aka roƙe ta. Ba ta waigo ba. Na koma bencin 'yan jinya na zauna cikin doguwar rigata da mayafi, a barandar da nake ratsawa kullum da farin kaya ina sauri. Wata mata a gefena ta miƙo mini gyaɗa, ta tambaye ni da Twi wa ke ciki. Na ce uwata. Ta ce in kwantar da hankalina, mutanen nan sun san aikinsu. Na ce mata na gode.

Daga inda nake zaune na san duk abin da ake yi. Yanzu an goge wuyan. Yanzu an kashe wurin. Yanzu robar ta shiga ɗakin farko, 'yan tuddan nan biyu sun fito a allo, kuma wata abokiyar aikina da ta bar kwas ɗin tun makon farko ita ce ke tsaye tana kallo. Wani ya buɗe ƙofar zai fita, na hango hasken allon ta gefen ido, na tashi da sauri na koma ƙarshen bencin na ba ƙofar baya.

Da aka gama likita ya fito yana cire safar hannu, fuskarsa a sake. "Zo ki gani kafin a kashe," ya ce. "Na tsayar miki da shi a allo. Irin na kwas ɗinki ne sak."

Na kalli takalmansa. "Likita, ka kashe. Ka gaya mini maganin kawai. Ban da lamba, ban da layi."

Ya tsaya yana kallona kamar bai gane ni ba. Sannan ya ce matsalar a hagun zuciyar take, akwai magani, in Allah ya so za ta samu sauƙi. Kuma ta samu, alhamdu lillahi, har ta koma zuwa kasuwa da ƙafarta a hankali. Amma a ranar ban san haka ba tukuna. Abin da na sani shi ne ga layin uwata a tsaye bayan ƙofa ɗaya, na iya karanta shi tun daga farko har ƙarshe, kuma ina jin lokacin da aka kashe injin.

Na same ta a ɗakin hutawa, an manna mata filasta a wuya, an mayar mata da ɗankwalin a karkace. Ta yi ƙanƙanta a kan gadon. Na yi mata sannu. Ba ta amsa sannun ba.

"Kin duba?"

"Ban duba ba, Mma."

"Ko leƙe?"

"Ko leƙe. Ai na rantse miki."

Ta daɗe tana kallona. Na jira ta ce Allah ya yi miki albarka, don shi take cewa in na yi abin da take so. Ba ta ce ba. Ta juya fuskarta wajen bango a hankali, saboda wuyan.

"Ni na ɗauka za ki leƙa," ta ce.

Na tsaya ina kallon ƙeyarta. Ban san ko yabo ba ne ko ƙorafi, kuma ba a taɓa barina ni kaɗai irin na wannan lokacin ba. Na gyara mata ɗankwalin, na jawo kujera na zauna a gefenta har aka zo aka sallame mu.